Mu'idi: Tarihin Yadda Ake Rainon Malamin Lissafi Kafin a Damƙa Masa Aji

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammad, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.



Shimfiɗa

Kwanakin baya wani ƙanena a Musulunci ya same ni bayan sallar isha'i, ransa a ɓace. Yaro ne mai kaifin basira, ya kammala digirin farko a fannin lissafi da sakamako mafi daraja, don haka jami'arsu ta riƙe shi a matsayin mataimakin malami, yana kuma karatun digiri na biyu. Mako biyu da kama aiki aka miƙa masa takardar manhaja, aka nuna masa zauren 'yan aji ɗaya, aka yi masa fatan alheri. Ya shiga ya cika allo tun daga wannan gefe har wancan, bai yi kuskure ko ɗaya ba. Da ya juyo ya ce ko akwai mai tambaya, sai ɗakin ya yi tsit, shi kuwa ya ɗauka an gane. Sai da ya yi musu gwajin farko sannan ya fahimci ma'anar wancan shirun.

Ya ce mini, "Yaya, wallahi na san abin nan kamar yadda na san sunana, amma na kasa sa shi a kansu."

Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, domin matsalar ta girme shi da ɗaruruwan shekaru. Sanin ilimi abu ne guda, iya miƙa shi ga wani kuma sana'a ce mai zaman kanta, wadda ita ma sai an koya. Magabatanmu sun gane haka, har suka yi wa mai shirin zama malami wani matsayi na musamman tsakanin ɗalibta da malanta. Wannan matsayi shi ne nake so mu bi tarihinsa yau, daga Bagadaza zuwa Samarƙandi da Istanbul, sannan mu ga yadda jami'o'in Turai da Amurka suka yi sakaci da irinsa, suka kuma dawo suna nemansa.

Me ya kawo lissafi zauren malamai?

Kafin mu shiga, ya kamata mai karatu ya san cewa a duniyar Musulmi lissafi ya shiga makaranta ne ta ƙofar shari'a. Rabon gado yana buƙatar sanin rabi da rubu'i da sulusi da sudusi da sumuni, zakka tana buƙatar ƙididdiga, lokutan salla da alƙibla suna buƙatar falaki. Littafin aljabara da Muhammad bin Musa Al-Khawarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekarar 820, zamanin Halifa Ma'amun, kusan rabinsa mas'alolin wasiyya ne da gado.

Katib Celebi, malamin Istanbul da ya rasu a 1657, wanda ɗaliban ilimi suka fi sani da Haji Khalifa mai Kashfuz Zunun, ya kawo wani misali a littafinsa Mizanul Haƙƙi da ke nuna abin da ke cikin al'amarin. Wani mutum ya ɗauki ma'aikaci ya haƙa masa rami mai zira'i 4 a tsawo, 4 a faɗi, 4 a zurfi, a kan kuɗi 8. Ma'aikacin ya haƙa mai zira'i 2 ta kowane ɓangare, ya ce a ba shi rabin lada. Muftin da bai san handasa ba, wato ilimin awon siffofi, ya ce haƙƙinsa 4 ne. Muftin da ya san ta ya ce haƙƙinsa 1 ne tak, domin ramin farko 64 ne, na biyu kuwa 8, wato kashi ɗaya cikin takwas. Ka ga ke nan malamin lissafin da ya kasa fahimtar da ɗalibinsa yana iya zama sanadin cin dukiyar wani da sunan fatawa, alhali shi bai ma sani ba.

Wane ne mu'idi?

A shekara ta 459 Hijiriyya, daidai da 1067, aka buɗe makarantar Nizamiyya a Bagadaza, wadda waziri Nizamul Mulk ya gina. A irin waɗannan makarantu babban malami shi ake kira mudarrisi, a ƙarƙashinsa kuma akwai mu'idi, ma'ana mai maimaitawa. Shi mu'idi babban ɗalibi ne da ya yi nisa a karatu, malam ya yarda da fahimtarsa da halinsa. Yana zama a darasin malam daga farko har ƙarshe, idan malam ya tashi sai shi ya zauna da ɗalibai, ya sake bin darasin da su, ya warware abin da ya shige musu duhu, ya saurari haddarsu. Shehin da aka gina Nizamiyya dominsa, Abu Ishaƙ Ash-Shirazi, shi kansa ya daɗe yana mu'idi a majalisin malaminsa Alƙali Abuɗ Ɗayyib Aɗ-Ɗabari kafin ya zauna a kan tasa shimfiɗar.

Makarantar Mustansiriyya, wadda aka buɗe a Bagadaza a 631 Hijiriyya (1234), ta ƙara wa tsarin ƙa'ida. Kowace mazhaba daga cikin huɗun tana da ɓangarenta, da mudarrisi ɗaya, da mu'idai 4, da ɗalibai 62, kuma bayan fiƙihu ana koyar da hisabi da rabon gado da likitanci. Da Ibn Baɗɗuɗa ya ziyarce ta a 1327 ya siffanta abin da ya gani: malam na zaune cikin natsuwa a kan kujera ƙarƙashin 'yar ƙubbar katako, mu'idi ɗaya a damansa, ɗaya a hagunsa, suna maimaita abin da yake shiftawa.

Kada mai karatu ya ɗauka aikin mu'idi shi ne aikin aku. Tajuddin As-Subki, wanda ya rasu a 1370, a littafinsa Mu'idun Ni'am ya nuna cewa wajibin mu'idi ya wuce sauraren darasi, dole ne ya fahimtar da ɗalibai ya kuma amfane su, in ba haka ba babu abin da ya raba shi da sauran ɗalibai. Badruddin Ibn Jama'a kuma, wanda ya rasu a 1333, a Tazkiratus Sami'i wal Mutakallim ya yi gargaɗi mai zafi ga wanda zai hau kujerar koyarwa kafin ya cancanta, ya kuma shawarci malami da ya riƙa jefa wa ɗalibai mas'aloli bayan darasi don ya gwada fahimtarsu, domin kunya kan sa ɗalibi ya ce ya gane alhali bai gane ba. Da ƙanena ya karanta wannan, da shirun ajinsa bai yaudare shi ba.

Abin lura a tsarin nan shi ne abin da mu'idi yake kwasa a waɗancan shekaru. Yana kallon gwani yana aiki kullum, ya ga inda yake jinkirtawa da inda yake saurin wucewa. Yana koyar da 'yan mutane kaɗan, kusa da kusa, inda fuskar da ba ta gane ba ba ta iya ɓuya. Yana sanin wuraren da ɗalibai ke tuntuɓe shekara bayan shekara. Sannan duk wannan yana faruwa ne a ƙarƙashin idon malamin da ɗaliban za su koma gabansa gobe, wanda zai gane nan take ko bitar jiya ta yi amfani. Sai bayan haka ake maganar ijazar koyarwa.

Koyarwa sana'a ce

Gaskiya ne akasarin mu'idan Bagadaza da Alƙahira na fiƙihu ne. Amma wanda ya fi kowa fayyace hikimar abin mutum ne da ya tashi a hannun masana lissafi. Ibn Khaldun (1332 zuwa 1406) almajirin Al-Abili ne, shi kuwa Al-Abili ya yi karatu wurin Ibnul Banna na Marrakush, mai littafin Talkhisu A'amalil Hisab. A cikin Muƙaddima, Ibn Khaldun ya lissafa koyarwa a jerin sana'o'i, kamar saƙa da gini, wadda ake ƙwarewa a cikinta ta hanyar lazimtar gwanaye. Ya ce a bi fanni da ɗalibi sau uku: karon farko a ba shi jigogin kowane babi a dunƙule gwargwadon hankalinsa, karo na biyu a faɗaɗa a nuna masa saɓani, karo na uku a buɗe duk wani ƙulli da ya rage. Ya zargi malaman zamaninsa da suke tarar mai farawa da mas'aloli masu wuya suna zaton horo ne, har yaro ya ɗauka ilimin ne ya fi ƙarfinsa ya gudu, alhali laifin na koyarwa ne. Ya kuma soki taƙaitattun littattafan da ake cusa ma'ana mai yawa cikin lafazi kaɗan. Duk wanda ya taɓa zama a ajin da malami ya tsallake layi biyar ya ce "a fili yake", ya san abin da Ibn Khaldun yake nufi.

Samarƙandi: inda malamai ke komawa ɗalibai

Idan ana neman wurin da lissafi kansa ya zama babban darasi a makarantar Musulunci, to sai a nufi Samarƙandi, a ƙasar Uzbekistan ta yau. Ulugh Beg (1394 zuwa 1449), jikan Taimur, ya gina makarantarsa a can tsakanin 1417 da 1420, kuma ginin yana nan tsaye a dandalin Registan. Shugaban malamanta shi ne Ƙadi Zada Ar-Rumi, mutumin Bursa da ya baro ƙasarsa don neman ilimin lissafi da falaki.

Ɗashkubri Zada, a littafinsa na tarihin malaman Usmaniyya, Ash-Shaƙa'iƙun Nu'umaniyya, ya ba da labarin tsarin makarantar. Tana da ɓangarori huɗu, kowanne da mudarrisinsa, Ƙadi Zada yana shugabansu. Al'adarsu ita ce malaman da ɗalibansu su fara hallara a darasin Ƙadi Zada, sannan kowane malami ya koma ɓangarensa ya karantar. Wato mutumin da ya riga ya zama mudarrisi bai daina kallon yadda wanda ya fi shi yake koyarwa ba, kuma yana yin haka a gaban ɗalibansa ba tare da ya ji an rage masa daraja ba.

Muna da shaidar gani da ido a wasiƙun da Jamshid Al-Kashi ya aika wa mahaifinsa a Kashan. Ya ambaci cewa akwai mutum sittin ko saba'in a birnin da ake ƙidaya su cikin masana lissafi, kuma sarki da kansa yakan halarci darussa, ya jefa tambaya, a yi ta muhawara. Ba ya son a amince masa don girmamawa. Wani lokaci ma yakan kawo magana marar inganci da gangan, wanda duk ya gyaɗa kai ya sha kunya. Malamin da ya san haka na iya faruwa a ajinsa ba zai kwana bai yi muɗala'a ba, ɗalibin da ya tashi a wurin kuma ya koyi cewa hujja ake bi.

Wani abin sha'awa shi ne inda waɗannan manya suka zuba ƙarfinsu. Al-Kashi, wanda a 1424 ya ƙididdige nisbar kewayen da'ira da faɗinta har gurbi 16, bai ga ƙasƙanci ba ya zauna ya rubuta Miftahul Hisab, ya kammala shi a 1427, littafin koyarwa mai cike da misalai warwararru daga rabon gado har awon ƙubba, sannan ya sake taƙaita shi don masu farawa. Ƙadi Zada kuma ya yi sharhi a kan Ashkalut Ta'asis na Shamsuddin As-Samarƙandi, ɗan littafin da ya tsamo mas'aloli 35 na handasa daga Iƙlidis, da wani sharhin a kan Mulakhkhas na Al-Jagmini a falaki. Waɗannan sharhohi biyu an yi ɗaruruwan shekaru ana karantar da su a makarantun Usmaniyya.

Akwai kuma labarin da ke nuna ƙimar kujerar. Wata rana Ulugh Beg ya tsige ɗaya daga cikin malaman ba tare da ya shawarci Ƙadi Zada ba. Sai Ƙadi Zada ya zauna a gida ya daina fitowa darasi. Da sarki ya je ya tambaye shi dalili, ya nuna masa cewa an yi masa wasiyya da kada ya karɓi muƙamin da ake tsige mutum daga kansa, shi kuwa ya ɗauka koyarwa ba ta cikin irin waɗannan. Sarki ya mayar da malamin, darasi ya ci gaba.

Istanbul: tsani mai matakai

An kashe Ulugh Beg a 1449, amma silsilar ba ta yanke ba. Almajirinsa kuma almajirin Ƙadi Zada, Ali Ƙushji, ya isa Istanbul a ƙarshen rayuwarsa, Sultan Muhammad Al-Fatih ya ba shi makarantar Aya Sofiya, ya rubuta masa littafin hisabi mai suna Al-Muhammadiyya, ya rasu a can a 1474.

Usmaniyawa sun mayar da rainon malami tsani mai matakai. Kewaye da masallacin Fatih an gina manyan makarantu takwas da aka kammala a 1470, kusa da su kuma akwai ƙananan makarantun share fage, inda manyan ɗalibai kan koyar da na ƙasa da su. Daga cikin manyan ɗaliban ne malam ke zaɓar mu'idi. Bayan mu'idanci sai a rubuta sunan mutum a rajistar masu jiran muƙami, tsarin da Abus Su'ud, mai tafsirin nan, ya daidaita a zamanin Sultan Sulaiman. Idan layi ya zo kansa ana fara ba shi ƙaramar makaranta, ya riƙa hawa sannu a hankali.

Sai dai adalci ya sa mu faɗi ɗaya ɓangaren. Da tafiya ta yi nisa son kai ya shiga, 'ya'yan manyan malamai suka riƙa samun muƙami tun suna ƙanana, darussan lissafi kuma suka ja baya a makarantu da yawa. Wannan ne abin da Katib Celebi yake kuka da shi lokacin da ya kawo misalin mai haƙar rami. Tsari komai kyansa, idan amana ta fita daga cikinsa, sunansa kawai ke saura.

Turai da Amurka: mantuwa da tunawa

Kalmar "dokta" asalinta Latin ce, ma'anarta mai koyarwa, kuma shaidar da tsofaffin jami'o'in Turai ke bayarwa izinin koyarwa ce. George Makdisi, a littafinsa na 1981 kan tarihin makarantun Musulunci, ya ga alaƙa tsakanin wannan izini da ijazar koyarwa ta Musulmi, ko da yake wasu masana sun saɓa masa.

A 1795, bayan juyin juya halin Faransa, an buɗe makarantar horar da malamai a Paris, aka sa manyan masana lissafi na zamanin, Lagrange da Laplace da Monge, su karantar da masu shirin koyarwa sama da dubu. Watanni huɗu kawai ta yi a wancan karon, amma ta kafa ra'ayin cewa horar da malami aikin manya ne. A Jamus kuwa, bayan kafa Jami'ar Berlin a 1810, bincike ya zama ma'aunin daraja. Duk da haka ba a barin mai digirin digirgir ya koyar sai ya nemi izini na biyu, ya gabatar da lacca ta gwaji a gaban malamai. A irin wannan gwaji ne Bernhard Riemann ya yi shahararriyar laccarsa kan tushen handasa a Gottingen a 1854, a gaban Gauss. Amma lacca guda a gaban shehunai ba ta koya wa mutum zama da masu farawa. Riemann ya yi murna da samun ɗalibai takwas a darasinsa na farko, ya kuma sha wahala kafin ya saba, domin tunaninsa yakan tsallake matakan da masu sauraro ke buƙata.

Amurka ta ɗauki digirin bincike na Jamus, musamman bayan buɗe Jami'ar Johns Hopkins a 1876, ta bar gwajin koyarwar a baya. Tun a 1903 masanin falsafa William James ya rubuta maƙala yana sukar yadda kwalejoji ke neman digirin digirgir ga malami alhali digirin ba ya shaidar iya koyarwa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, dokar 1944 ta tallafa wa tsofaffin sojoji sama da miliyan 2 suka shiga manyan makarantu, sannan harba tauraron Sputnik da Tarayyar Sobiyet ta yi a 1957 ya sa aka ƙara zuba kuɗi a kimiyya. Azuzuwa suka cika, sai jami'o'i suka jingina darussan 'yan aji ɗaya, musamman aljabara da kalkulas, ga ɗaliban digiri na biyu da na uku. Ga mu'idi ya dawo, amma ba malam a kusa da shi. Yawancinsu abin da aka yi wa ƙanena aka yi musu: ga littafi, ga lambar ɗaki.

Shekarar 1986 ce aka fara farkawa sosai. A shekarar aka yi taro a Jami'ar Tulane kan gyaran koyar da kalkulas saboda yawan faɗuwar ɗalibai, aka kuma yi taron ƙasa na farko kan horar da mataimakan malamai a Jami'ar Jihar Ohio. A shekarar dai Lee Shulman ya wallafa maƙalar da ta nuna akwai wani ilimi na daban da malami ke buƙata, wato sanin yadda ake siffanta darasi, da misalin da ya fi dacewa, da kurakuran da ɗalibai suka saba yi a kowane babi. A 1993 Steven Krantz ya fitar da littafinsa kan yadda ake koyar da lissafi a jami'a, a 1994 kuma Ƙungiyar Lissafi ta Amurka ta ƙaddamar da shirin Project NExT don raino sababbin malamai. Binciken Elaine Seymour da Nancy Hewitt na 1997 ya gano cewa rashin kyawun koyarwa yana kan gaba cikin koke-koken ɗaliban da ke barin fannonin kimiyya, kuma da yawa daga masu barin ba su gaza waɗanda suka tsaya basira ba. A 2014 Scott Freeman da abokan aikinsa suka tattara bincike 225, suka ga cewa a azuzuwan lacca zalla kusan kashi 34 cikin 100 ne ke faɗuwa, a inda ake sa ɗalibai aiki cikin aji kuwa kusan kashi 22.

Jami'o'in da suka ɗauki abin da gaske, irin su Michigan, sun tsara horo na kwanaki kafin a fara zango, da gwajin koyarwa a gaban abokai, da taron mako-mako na masu koyar da darasi ɗaya, da ziyarar gogaggen malami cikin aji don ya gani ya ba da shawara. Mai karatu ya dubi wannan jeri da kyau: kallon gwani, farawa da ƙaramin aji, sa ido, hawa sannu a hankali. Da As-Subki zai gani, ba zai ce baƙon abu ba ne.

Mu ma muna da namu

Ƙasar Hausa ba baƙuwa ba ce a wannan tarihi. Muhammad bin Muhammad Al-Fulani Al-Kashnawi, mutumin Katsina, ya yi karatu a hannun malaman ƙasashenmu, ya yi aikin hajji, ya rubuta littafi kan murabba'an lambobi a 1732, ya zauna a Alƙahira yana karantarwa, har Hasan Al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar, ya ɗauki ilimi a wurinsa. A gidansa ya rasu a 1154 Hijiriyya (1741). Sannan duk wanda ya yi karatun zaure ya san babban almajirin da malam ke cewa ya biya wa na baya karatu, malam na gefe yana ji, idan ya karkace ya gyara masa. Mu'idi ke nan da sunan gida. Abin takaici shi ne mutum ya tashi a wannan tarbiyya, ya shiga jami'a, ya ɗauka takardar digiri ta wadatar da shi daga ita.

Kammalawa

Ga abin da na gaya wa ƙanena a daren nan, ina kuma gaya wa duk ɗan'uwa ko 'yar'uwa da aka damƙa wa aji. Idan ba a naɗa maka malam ba, ka naɗa wa kanka. Ka nemi wanda ɗalibai ke yabon koyarwarsa a sashenku, ka roƙi izini ka zauna a bayan ajinsa zango guda, sannan ka roƙe shi ya zo naka ya gaya maka gaskiya. Ka tanadi littafi na kurakuran ɗalibai. Za ka ga, misali, da yawansu suna ɗauka cewa idan aka haɗa lambobi biyu aka ninka jimlar da kanta, daidai yake da a ninka kowace da kanta a haɗa. Kada ka tsaya ga cewa kuskure ne. Zana musu murabba'i, ka raba kowane gefe gida biyu, su ga da idonsu filaye biyun da suka manta. Da irin wannan zane Al-Khawarizmi ya nuna dalilin da ya sa lambar da aka ninka da kanta, aka ƙara mata ninkinta goma, aka sami 39, ta zama 3. Kuma kada ka sake tambayar aji ko sun gane. Ba su mas'ala, ka zaga ka ga abin da hannuwansu ke rubutawa.

Dukkan wannan yana da asali a wurin Malamin malamai, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Anas ya ruwaito cewa yakan maimaita magana sau uku domin a fahimta. Ibn Mas'ud ya taƙaita wa'azinsa ga ranar Alhamis don gudun gajiyar da mutane, yana koyi da yadda Annabi yake lura da lokacin da ya dace da sahabbansa. Sayyidina Ali kuma ya yi umarni a yi wa mutane magana da abin da za su iya ganewa.

Ya ɗan'uwa, waɗancan yara da ke zaune a gabanka amana ce. A cikinsu akwai wanda mahaifinsa ya sayar da amfanin gona ya biya masa kuɗin makaranta, akwai wadda darasin nan ne zai yanke mata ko za ta zama injiniya ko za ta koma gida tana cewa ba ta da kan lissafi, alhali kai ne ba ka shirya ba. Masu riƙe da sassa kuma su ji tsoron Allah, su sani wanda ya tura yaro aji ba tare da raino ba yana da kaso a cikin abin da ya biyo baya.

Ƙanena ya koma bayan aji yana kallon wani dattijon malami sau biyu a mako. Ya ce mini abin da ya fi ba shi mamaki shi ne yawan shirun da dattijon yake yi bayan ya jefa tambaya, yana jira har sai wani ya motsa.

Allah Ya sanar da mu abin da zai amfane mu, Ya amfanar da mu abin da Ya sanar da mu, Ya sa mu sauke amanar da muka ɗauka. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare ni ne.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.